Kuɗin taimakon manoma a ƙasar Delta: hannun wa suke shiga?

Yara, ku buɗe taswirar duniya, ku nemo ƙasar Amurka. A tsakiyarta akwai wani babban kogi mai gangarawa daga arewa zuwa kudu, har ya faɗa cikin teku. Sunansa Misisifi. Kafin ya kai teku yana bin gefen wata jiha, ita ma Misisifi ake ce mata. A arewa maso yammacin wannan jiha, tsakanin babban kogin da wani ƙarami mai suna Yazu, akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama. Tsawonta ya kai kilomita 300, wato ya fi nisan Maraɗi zuwa Damagaram. Mutanen wurin suna kiran ta Delta.

Ƙasar Delta baƙa ce, mai laka, ba dutse ba tudu. Shekaru dubbai kogi yana ambaliya yana zuba mata taki. Ruwan saman da take samu a shekara ya ninka na Maraɗi fiye da sau biyu. Kaɗa, wato auduga, ita ce ta yi wa Delta suna. Yanzu waken soya da masara sun fi ta cin fili, kuma ana noma shinkafa, ana kiwon kifi a tafkuna.

Ga abin mamaki. Tun shekarar 1933 gwamnatin Amurka take aika kuɗi masu yawa zuwa Delta don taimakon manoma. Duk da haka Delta tana cikin yankunan da suka fi talauci a Amurka. A waɗansu gundumominta, kusan mutum ɗaya cikin uku talaka ne bisa ma'aunin ƙasar. Ƙasa mai albarka, ga ruwa, ga kuɗin gwamnati. To, ina kuɗin suke shiga?

Kafin mu ci gaba, ku lura da abu guda. In mun ce dala a wannan karatu, ba dalarmu ta tamma biyar muke nufi ba. Dalar Amurka muke nufi. A shekarun nan guda ɗaya takan yi kusan tamma 600, wani lokaci ta hau, wani lokaci ta sauka. Miliyar kuwa miliyon dubu ce.

Mene ne kuɗin taimako?

Kun san yadda tiyar hatsi take araha da kaka, sa'an nan ta yi tsada da bazara. Manomi ba shi ne yake yanka farashi ba. In damina ta yi kyau, kowa ya samu, kaya su cika kasuwa, farashi ya faɗi. In damina ta ɓaci, farashi ya tashi, amma rumbunsa wayam. Maƙeri yana iya rage ƙira in ya ga babu ciniki. Manomi kuwa, in ya zuba iri, sai ya jira wata huɗu ko biyar.

Saboda haka gwamnatoci da yawa suke tallafa wa noma. Wata takan rage kuɗin takin zamani. Wata takan sayi amfanin gona da farashi mai kyau. Wata kuma takan ba manomi kuɗi a hannu. Amurka ta fi bin wannan hanya ta ƙarshe. Niyyar ba ta da laifi: ƙasar da manomanta suka karye, yunwa tana bakin ƙofarta. Wahalar tana wajen rabo.

Masu gandu da manoman rabo

Waɗanda suka sare dajin Delta, suka haƙa magudanan ruwa, suka noma kaɗa, galibinsu baƙar fata ne, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. An hana bauta a Amurka a 1865. Bayi suka sami ƴanci, amma ba a ba su gonaki ba. Manyan gandaye suka zauna hannun farar fata.

Mai gandu yana da ƙasa, ba shi da hannuwa. Ɗan bawa yana da hannuwa, ba shi da ƙasa. Sai aka shiga noman rabo. Mai gandu ya yanka wa iyali fili, ya ba su bukkar katako, da alfadari, da garma, da iri. Su kuma su yi aiki, maza da mata da yara, tun daga shuka har cira. Da kaka a raba kaɗa biyu, rabi na mai gandu, rabi nasu.

Amma me iyalin za su ci kafin kaka? Sai su ɗauki gari da gishiri da tufafi bashi a kantin mai gandu. Shi ke riƙe da littafin bashi, shi ke auna kaɗa, shi ke sayarwa. Ranar lissafi ya buɗe littafi ya karanta. Sau da yawa rabin manomi ba ya biyan bashin. Ya shiga sabuwar shekara da tsohon bashi. Wanda ya yi gardamar lissafi kuwa, yana iya rasa bukkarsa, wani lokaci har ransa.

Shekarar da aka birkice kaɗa

A 1929 kasuwa ta mutu a Amurka, ciniki ya tsaya cik a duniya. Cikin shekara biyu farashin kaɗa ya faɗi da kashi biyu cikin uku. A watan Maris na 1933 sabon shugaba, Franklin Roosevelt, ya kama mulki. Mashawartansa suka ce kaya sun yi yawa, shi ya sa suka yi araha. A rage noma, farashi zai tashi. A watan Mayu aka kafa doka: gwamnati za ta biya manomi don ya bar wani sashen gonarsa ba shuka.

Sai dai an makara. An riga an shuka kaɗa, har ta yi ganye. Aka ce a sa garma a birkice ta. A wannan shekara an birkice hekta miliyon 4, kashi ɗaya cikin huɗu na kaɗar ƙasar ke nan. An ce alfadarai sun riƙa togewa, domin tun suna ƙanana an hore su da bulala kada su taka shuka.

Farashi ya tashi, kamar yadda aka so. Amma wa ya karɓi kuɗin gwamnati? Mai gandu ne yake sa hannu a takardar yarjejeniya, kuma galibi da sunansa kuɗin suke fitowa. Doka ta ce ya ba manoman rabo kasonsu. Waɗansu sun bayar. Da yawa kuwa suka buɗe littafi, suka ce bashin kanti ya cinye kason. Waɗansu suka gano hanya mafi sauƙi. Tun da an rage gona, hannuwa sun yi yawa. In ka kori manomin rabo, babu wanda za ka raba kuɗi da shi. Ranar da aiki ya taso ka ɗauke shi barema, ka biya shi ladan yini. Ɗan barema ba shi da kaso.

Wanda aka cuta, ina zai kai ƙara? A kowace gunduma akwai kwamitin da ke kula da rabon, amma manyan masu gandu ne ke zaune cikinsa. Ya je wajen ƴan siyasa? Tun 1890 jihar Misisifi ta shirya dokokin da suka hana yawancin baƙar fata jefa ƙuri'a, har zuwa 1965. Ya je Washinton, babban birnin ƙasar? A can ma, mutumin da aka ba kula da kuɗin wannan shiri a 1933, Oscar Johnston, shi ne shugaban kamfanin Delta and Pine Land. Kamfanin yana da gandu na hekta kusan dubu 15 a Delta, masu shi Turawan Ingila ne, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa karɓar kuɗin. Kura ce aka ba tsaron awaki.

A watan Yuli na 1934, a ƙetaren kogi, kusa da wani ƙauye mai suna Tyronza cikin jihar Arkansas, manoma 18 suka taru a wata makaranta: farar fata 11, baƙar fata 7. Suka kafa ƙungiyar manoman rabo don neman kasonsu. A wancan zamani, zaman fari da baƙi a ɗaki ɗaya don shawara ɗaya ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Dubbai suka shiga ƙungiyar. An doki waɗansu, an ɗaure waɗansu, an zubar wa waɗansu da kaya bakin hanya. Ƙasa duka ta ji labarinsu, amma korar ba ta tsaya ba.

Kuɗin da masu gandu suka karɓa, da su suka fara sayen tarakta. A 1944, a wani gandu kusa da garin Clarksdale, aka gwada injin cirar kaɗa a gaban jama'a. Inji ɗaya yana aikin mutum 50. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, kusan duk kaɗar Delta inji ke cirar ta. Mutane suka hau jirgin ƙasa zuwa Shikago da sauran biranen arewa. Daga shekarun 1910 zuwa 1970 baƙar fata kusan miliyon 6 suka bar kudancin Amurka. Ba kuɗin taimako kaɗai ne suka kore su ba. Akwai wulaƙanci, akwai kuma neman aiki a masana'antu. Amma kuɗin sun tura motar da ta riga ta kama gangara.

Maƙwabta biyu

A tsakiyar Delta akwai gunduma mai suna Sunflower. Mutum biyu sun yi suna a cikinta, garuruwansu kuwa kusa da juna suke.

Na farko James Eastland. Yana da gandu na hekta fiye da dubu 2 a Doddsville. Ya yi shekara fiye da 35 yana ɗan majalisar dattawan Amurka, yana cikin kwamitin da ke tsara dokokin noma, kuma ya yi ƙaurin suna wajen ƙin daidaita baƙi da fari. A ƙarshen shekarun 1960 gandunsa yana karɓar fiye da dala dubu 100 kowace shekara daga gwamnati, a lokacin da ake biyan masu gona don su rage shuka kaɗa.

Ta biyu Fannie Lou Hamer. An haife ta a 1917, ita ce auta cikin ƴaƴa 20 na wani manomin rabo. Tana da shekara 6 ta fara cirar kaɗa. Da ta girma ta yi shekara 18 a wani gandu kusa da Ruleville, tana noma, tana kuma rubuta nauyin kaɗar da kowa ya cira. A watan Agusta na 1962 ta tafi neman a rubuta sunanta cikin masu jefa ƙuri'a. Da ta komo, mai gandu ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gida. Ta bar gidan a daren.

A 1967 waɗansu ƴan majalisar dattawa, cikinsu har da Robert Kennedy, suka zo Delta suka shiga bukkoki. Suka tarar da yara masu kumburin ciki don yunwa, a ƙasar da ake biyan kuɗi don a bar gona fako. A 1969 Fannie Lou Hamer ta kafa ƙungiyar haɗa kai ta manoma. Da gudummawar jama'a suka sayi hekta 16, daga baya suka ƙara fiye da 250. Iyalai suka shuka wake da dankali da kayan miya don su ci. Ba a kai shekara goma ba ƙungiyar ta rushe saboda rashin kuɗi da ɓacin damina. Ita kuma ta rasu a 1977.

Yadda ake rabon a zamaninmu

An sāke dokar noma sau da yawa, kusan kowace shekara biyar ko shida. Amma gindinta bai sāke ba. Gwamnati tana yanka wa waɗansu amfanin gona farashi: masara, alkama, waken soya, shinkafa, kaɗa, dawa, gujiya da ƴan kaɗan. In farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da wannan, ko abin da gonaki suka kawo ya ragu ƙwarai, sai ta cika. Mai noman tumatir ko kankana ba ya cikin wannan rabo. Kuma ana lissafin ne bisa yawan hektocin da aka rubuta wa gonar tun da daɗewa, da yawan amfanin da ta saba bayarwa.

Ku ɗauki allo mu yi lissafi. A ce, don misali kawai, bana gwamnati ta ba da dala 100 ga kowace hekta. Mai hekta 1,000 zai karɓi dala dubu 100. Mai hekta 20 zai karɓi dala dubu 2. Mutumin da ke tuƙa taraktar babban gandu tun asuba har dare, nawa zai karɓa? Ko tamma. Ba shi da hekta.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Wanda ya karɓi dubu 100 yana iya sayen gonar maƙwabcinsa. Baɗi hektocinsa sun ƙaru, kasonsa ya ƙaru. Wanda ke noma gonar haya kuwa, ko da kuɗin sun fito da sunansa, mai gonar ya san da su, sai ya ƙara kuɗin haya. Ta haka wani sashen taimakon yake komawa aljihun mutanen da ke zaune a birni, waɗanda suka gāji gona daga kakanninsu. Saurayin da ke son fara noma ya tarar ƙasa ta fi ƙarfinsa.

Majalisa ta ga haka, ta sa iyaka. A 1970 ta ce kada mutum ɗaya ya karɓi fiye da dala dubu 55 a kan iri ɗaya na amfanin gona. A dokokin 2014 da 2018 iyakar dala dubu 125 ce a shekara, wato tamma miliyon 75 bisa lissafinmu. A 2025 aka ɗaga ta zuwa dubu 155. Amma iyakar ta mutum ɗaya ce, ba ta gandu ɗaya ba. Sai masu gandu suka riƙa rubuta abokan tarayya da yawa a takarda, kowa da kasonsa. Gandu yana nan ɗaya, tarakta ɗaya, rumbu ɗaya, sunaye kuwa barkatai. A shekarun 1980 har aka yi wa wannan dabara laƙabi da itacen Kirsimati na Misisifi, don yawan rassanta. Doka ta ce dole abokin tarayya ya zama yana aiki a gonar, amma ta yarda kula da harkar gona ma aiki ne, ko mutum bai taɓa laka ba. Dokar 2018 ta ƙara da cewa ƴaƴan ƴan'uwa da taubasai suna iya shiga.

Akwai kuma inshorar amfanin gona. Manomi ya biya wani abu kafin shuka. In fari ko ambaliya ko faɗuwar farashi ta same shi, a biya shi. A nan gwamnati ce ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na kuɗin shiga, kuma wannan taimako ba shi da iyaka.

Ta yaya aka san wanda ya karɓa? A Amurka ɗan ƙasa yana da ikon tambayar gwamnati ta nuna masa takardunta. Wata ƙungiya mai suna Environmental Working Group ta nemi takardun biyan, ta zuba su a intanet tun 2001. Lissafinta ya nuna cewa daga 1995 zuwa farkon shekarun 2020, in an jera masu karɓa mutum 100, goman farko sun kwashi fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin amfanin gona. Mutum 80 na ƙasa suka raba kusan kashi ɗaya cikin goma. A ƙidayar gonaki ta 2017 kuma, kusan gona ɗaya cikin uku ce kawai ta sami wani kuɗi daga gwamnati.

Kada ku ɗauka duk mai babbar gona ɓarawo ne. Yawancinsu doka suka bi. Suna kuma da tasu hujja: su ke noma mafi yawan abincin ƙasar, su ke ɗauke da manyan basussuka. Sabon injin cirar kaɗa guda ɗaya yakan kai dala miliyon ɗaya. Shekara biyu ta faɗuwar farashi tana iya karya babban manomi. Wannan gaskiya ne. Abin da ya rage a tambaya shi ne, me ya sa ake nuna hoton ƙaramin manomi in za a roƙi kuɗin, sa'an nan a auna da hekta in za a raba.

A 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun fi dubu 900. A 2017 ba su kai dubu 50 ba. A 1997 wani manomi mai suna Timothy Pigford da ƴan'uwansa manoma suka kai ma'aikatar noma kotu. Suka ce ana hana su bashin noma, ko a jinkirta shi har lokacin shuka ya wuce, saboda launin fatarsu. A 1999 gwamnati ta yarda ta biya diyya, yawancinsu dala dubu 50 kowane. Jimillar ta kai kusan miliyar ɗaya, a 2010 aka ƙara miliyar ɗaya da kwata ga waɗanda suka makara. Da yawa kuɗin sun same su bayan gonar ta riga ta salwanta.

Kaɗar Amurka a kasuwar duniya

Kaɗar Delta da ta sauran jihohi ba a gida take tsayawa ba. Amurka tana cikin ƙasashen da suka fi fitar da kaɗa waje. Manomin da gwamnati ke cika wa farashi yana ci gaba da shuka ko kasuwa ta faɗi. Kaɗa ta yi yawa, farashin duniya ya ƙara sauka. Wannan farashi kuwa shi ake bi a sayi kaɗar manomin Cadi, da na Benin, da na Burkina Faso, da na Mali, wanda ke noma hekta ɗaya ko biyu da hauya da shanu, babu mai cika masa.

A kakar 2001 zuwa 2002 manoman kaɗa na Amurka, su wajen dubu 25, sun karɓi fiye da dala miliyar 3. A 2003 waɗannan ƙasashe huɗu na Afirka suka haɗa baki, suka kai kuka ga ƙungiyar ciniki ta duniya. A taron Kankun, cikin ƙasar Meksiko, a watan Satumba, suka nemi a daina taimakon, a kuma biya su hasarar da suka yi. Taron ya watse ba a daidaita ba.

Ƙasar Birazil ta bi wata hanya. Ta kai Amurka ƙara gaban alƙalan ƙungiyar, ta ci shari'a a 2004, ta kuma sami izinin ramawa a kan kayan Amurka. Da Amurka ta ga haka, daga 2010 sai ta riƙa biyan dala miliyon 147 a shekara don amfanin manoman kaɗa na Birazil. A 2014 ta ba da miliyon 300, aka rufe maganar, ta kuma sāke fasalin taimakon kaɗa. Benin da Cadi sun ba da shaida a wannan shari'a. Ba su sami kaso cikin diyyar ba.

Tambayoyi da aiki

1. Mene ne bambancin manomin rabo da ɗan barema? Me ya sa masu gandu suka fi son ɗan barema bayan 1933?

2. Me ya sa mai noma gonar haya ba ya cin moriyar kuɗin taimako duka?

3. Wani gandu yana da abokan tarayya 6 a takarda. A dokar 2018 iyakar mutum ɗaya dala dubu 125 ce. Dala nawa gandun zai iya karɓa a shekara? In dala ɗaya tamma 600 ce, tamma nawa ke nan?

4. Ku tambayi iyayenku: in an kawo taki ko iri mai rahusa a garinku, wa ke rubuta sunayen masu karɓa, kuma da me ake auna kason kowa? Ku kawo amsa gobe.